Ƙofar tsohuwar Fijo 504: gyaran da milimita ɗaya ke iya ɓatawa

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba a haife su ba lokacin da aka daina haɗa Peugeot 504 a Kaduna, amma da wuya a samu wanda bai taɓa ganin ta ba. Ita ce Fijon nan da har yanzu akan ci karo da ita jefi-jefi a tashoshin ƙauye ranar kasuwa, ko a ajiye a ƙofar gidan wani dattijo, tayoyi sun sace, ƙura ta lulluɓe ta. Wanda ya taɓa shiga irinta ta haya ya san halin ƙofarta. Fasinja zai ja sau ɗaya ta ƙi, ya ja sau biyu ta dawo masa, sai direba ya zagayo ya tallafe ta da gwiwa, ya ɗaga, ya maka ta da ƙarfi, sannan a kama hanya. Wata ma igiya ce ke riƙe da ita.

Mukan yi dariya, mu ce tsufa ne. To amma tsufa kaɗai ba ya hana ƙofa rufuwa. Akwai motocin da suka girmi wannan da shekaru, waɗanda idan aka gyara su yadda ya kamata, da yatsa biyu ake tura ƙofarsu ta rufu. Bambancin yana cikin wani aiki da masu farfaɗo da tsofaffin motoci ke ɗauka cikin mafi cin rai a sana'arsu, wato daidaita ƙofa.

Kafin mu shiga gareji, ga kaɗan daga tarihin motar. A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504, da taimakon gidan zanen motoci na Pininfarina da ke Italiya, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya, gasar da ake tsere a kan hanyoyin da ba su da kwalta, da direba ɗan ƙasar Siwidin, Ove Andersson. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Faransa ta daina yin salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta sama da shekara 20 bayan nan. Ta yi zamani a matsayin motar manyan ma'aikatan gwamnati, sannan doguwarta mai layin kujeru uku ta zama motar tafiya mai nisa tsakanin garuruwanmu.

Yau babu masana'antar da ke fitar da sabuwarta. Duk wadda 'yan gwangwan suka sare suka auna a sikeli, ta tafi ke nan da ƙofofinta huɗu. Mai motar zamani idan ƙofarsa ta lotsa, sai ya tafi kasuwa ya sayo wata a cire a saka. Mai 504 kuwa kullum samun ƙofa mai lafiya ƙara wuya yake masa, don haka dole a lallaɓa wadda ke jiki ta koma mazauninta.

Abin da ake nema

A taƙaice, ana so ƙofa ta zauna a tsakiyar gurbinta, tazarar da ke tsakaninta da jikin mota ta zama ɗaya tun daga sama har ƙasa, gaba da baya. A motoci irin na wancan zamani, masu gyara sukan nemi tazarar milimita 4 zuwa 5. Sannan fuskar ƙofar ta yi daidai da fallen da ke maƙwabtaka da ita, yadda idan ka shafa tafin hannu daga wannan zuwa wancan ba za ka ji tudu ba. Layin da aka tanƙwara a gefen motar, wanda ya taso daga gaba ya wuce ta ƙofofi har baya, shi ma ya tafi a miƙe ba tare da ya yi tsalle a bakin ƙofa ba.

Wahalar ita ce ƙofa tana motsi ta fuska uku. Tana hawa sama ko ta sauka, tana matsawa gaba ko baya, tana shiga ciki ko ta fito waje. Kuma ba ka taɓa ɗaya sauran su zauna lafiya. Ka ɗaga bayanta, tazarar ƙasa ta gaba ta buɗe. Ka tura ƙasanta ciki, samanta ya leƙo waje.

Nan ne darasin lissafi da fiziks da kuke yi a aji ke fitowa a fili, kuma nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin shi ne zuciyar maganar.

Ƙofar mota hinji biyu ne ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, dukansu a gefe ɗaya. Mu ƙaddara tsawon ƙofar daga hinji zuwa makulli santimita 100 ne, tazarar hinjin sama da na ƙasa santimita 30, nauyinta kuma da gilashi da komai kilo 25. Idan aka buɗe ta, nauyin nan yana rataye ne a wajen tsakiyarta, wato santimita 50 daga hinji. Ku ninka 25 sau 50, ku raba da 30. Za ku samu kusan 42. Ma'ana, ban da ɗaukar nauyin ƙofar, hinjin sama yana jin ana fizgar sa da ƙarfin da ya kai na kilo 42, na ƙasa kuma ana danna shi da irin wannan ƙarfi. Yanzu ku kawo ƙaninku mai kilo 30 ya rataye a ƙarshen ƙofar yana lilo, kamar yadda yara kan yi. Ku ninka 30 sau 100, ku raba da 30: ƙarin kilo 100 ke nan a kan ɗan ƙarfen da kaurinsa bai wuce na fensir ba. Idan baba ya daka tsawa don an yi lilo da ƙofar mota, yana da hujja, ko da bai taɓa yin wannan lissafi ba.

Wannan rabo na 100 da 30 yana aiki ta wata fuskar ma. Idan fil ɗin da ke tsakiyar hinji ya cinye har ya yi wasa na milimita 1, ƙarshen ƙofar zai sauka da fiye da milimita 3. Tunda tazarar da ake nema gaba ɗaya ba ta wuce 4 ko 5 ba, kun ga saura ƙiris ƙofar ta fara goga dokin ƙofa. Haka kuma idan mai gyara ya tura hinjin ƙasa baya da milimita 1 kacal, ƙarshen ƙofar zai tashi da fiye da 3. Shi ya sa gwani ba ya kwance noti gaba ɗaya ya ja ƙofa da ƙarfi. Sassautawa yake kaɗan, ya ɗan buga, ya ɗaure, ya rufe, ya duba, ya sake.

Kafin a taɓa sufana

Farkon abin da ake yi ba gyara ba ne, bincike ne. A buɗe ƙofar rabi, a kama ƙarshenta a ɗaga sama. Idan ta yi motsi motar ba ta motsa ba, ko aka ji ƙas-ƙas a wajen hinji, to fil ko bushin da ke rungume da shi ya cinye. Duk daidaitawar da za a yi a kan hinji mai wasa aikin banza ne, sai an sauya abin da ya cinye tukuna.

Sai a duba inda hinjin ya kafu. A tsohuwar mota, gindin ginshiƙin gaba da dokin ƙofa su ne wuraren da ruwa ke kwanciya, tsatsa ta ci daga ciki alhali fenti yana sheƙi a waje. Salun ɗin 504 ba a kan wani shasi daban aka ɗora ta ba, bodin ne da kansa yake ɗauke da ƙarfin motar. Saboda haka idan dokin ƙofa ya ruɓe, motar ce gaba ɗaya ke ɗan lanƙwashewa a tsakiya, gurbin ƙofa ya sauya siffa. A irin wannan hali ƙofar ba ta da laifi, gidanta ne ya karkace. Masu sanin aiki kafin su yanke ruɓaɓɓen dokin ƙofa sukan yi waldar sandar ƙarfe a gicciye cikin gurbin don kada ya motsa, kuma sukan bar ƙofar a rataye ta zame musu ma'auni: ana ɗiga walda ana rufe ƙofa ana dubawa. Wanda ya yi gaggawa ya walde sabon ƙarfe a karkace, babu sufanar da za ta cece shi daga baya, sai an sake yankewa.

Akwai wasu sharuɗɗa biyu da ake yawan mantawa da su. Na farko, motar ta tsaya da tayoyinta a ƙasa mai shimfiɗe, ba a kan jak ko a tokare da duwatsu ba, domin bodi yana ɗan murɗewa idan aka ɗaga shi, kuma abin da aka daidaita a sama zai sauya da zarar an sauke. Na biyu, nauyi. Lokacin gyara akan cire gilashi da injin ɗaga shi da makulli da kwalin ciki, a bar ƙofa fayau. Idan aka daidaita ta a haka, ranar da aka mayar da kayan cikinta sai ta sunkuya. Don haka ko dai a mayar da kayan kafin a auna, ko a zuba wani abu mai nauyinsu a cikinta, ko da 'yar jakar yashi ce.

Sannan a kwance ɗan ƙarfen nan da ke jikin ginshiƙi, wanda makullin ƙofa ke cafkewa idan an rufe. Bari mu kira shi maƙali. Dalilin cire shi yana da daɗin fahimta: maƙali yana iya ɓoye ƙarya. Ƙofar da ta sunkuya, idan aka maka ta, sai ta hau kan maƙalin ta zauna kamar lafiya lau, alhali shi ne ke ɗauke da ita. Wannan shi ne abin da direban tasha ke yi da gwiwarsa. Idan aka cire shi, ƙofar za ta tsaya inda hinjinta ya ajiye ta, a ga gaskiyar lamari.

Daga baya ake farawa

Da muka fara leƙa garejin masu gyaran bodi, abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ganin an bar ƙofar direba, wadda ta fi kowace lalacewa, an koma ta baya. Ashe tsari ne. Fallen da ke saman tayar baya a walde yake da bodi, ba ya motsi, don haka shi ne tushe. Da shi ake daidaita ƙofar baya. Idan ta zauna, sai a daidaita ta gaba da ita. A ƙarshe sai a zo kan fendar gaba, a matsa ta ta bi ƙofar. Wanda ya fara daga gaba zai tara kuskurensa duka ya kai shi inda ba abin da zai iya matsawa.

Yadda ake motsa ƙofar ya danganta da irin hinjin. A wasu motoci da noti aka ɗaure shi, kuma ramukan suna da ɗan faɗi don a samu wurin matsawa. Nan sai a tallafe ƙarshen ƙofar da jak, a sa katako da tsumma a tsakani don kada a lotsa gindinta, mutum ɗaya yana riƙe ɗaya yana sassauta noti. Inda matsawar ba ta isa ba, akan sa washa ko siririn falle a bayan hinji. A wasu motocin kuma walda aka yi wa hinjin, sai dai a sauya fil, ko a tanƙwara shi a hankali da ƙarfe na musamman. Tsawo ake fara nema, ana kallon layin gefen mota, sannan tazarar gaba da baya, sannan shiga da fita. Ma'aunin ba wani abin tsada ba ne. Ɗan katako ko roba mai kaurin milimita 4 ko 5 ya isa, a riƙa zura shi a tazarar ana bin ta. Ido kaɗai yana yaudara, musamman a kan bodin da ke da dabbare-dabbaren foti da fenti kala-kala.

Wajen shiga da fita akwai 'yar dabara. Bakin gaba na kowace ƙofa gara ya yi daidai da fallen da ke gabansa, ko ya ɗan shige ciki kaɗan, da ya fito waje. Idan ya fito, zai riƙa kamun iska a kan hanya, a yi ta jin fito a kunne, ga ruwa da ƙura suna samun mashiga.

Wani lokaci a yi duk wannan, sama ya zauna, amma kusurwar ƙasa ta ƙi shiga. To ƙofar ce da kanta ta murɗe. Akan sa ɗan katako a kusurwar da ta zauna, a danna wadda ta fito a hankali har ta dawo. Aikin yana kama da mugunta ga mai kallo, amma yana da wurinsa. Wanda ba mu yarda da shi ba shi ne na masu saka jak a ƙarƙashin ƙofa su yi ta bugawa har motar ta ɗaga, wai suna miƙar da ita, ba tare da sun duba fil ba. Ƙofa za ta rufu a gaban mai mota, ya biya ya tafi. Bayan 'yan makonni ta koma gidan jiya, kuma yanzu ga hinji a tanƙware, wataƙila ga tsaga a ginshiƙi. Haka nan masu cike tazarar da ta yi faɗi da foti mai kauri. Bakin ƙofa wuri ne da ke shan duka kullum, fotin zai fashe ya zube. Inda tazara ta yi yawa da gaske, siririn ƙarfe ake waldawa a bakin, a goge shi ya daidaita.

Sai an gamsu da zaman ƙofar a kan hinjinta sannan a mayar da maƙali, a ɗaure shi daidai inda makulli zai same shi ba tare da ƙofar ta hau ko ta sauka ba. Ku sa ido a kan ƙarshen ƙofa yayin da ake rufe ta a hankali. Idan ta yi ɗan tsalle a ƙarshe, aikin bai ƙare ba.

Wannan matakin ba na ado ba ne. Ku gwada a kowace mota a tsaye: tura ƙofa a hankali, za ku ji ƙara biyu, kamu na farko da na biyu. Na biyun shi ne cikakken kulle, na farkon kuma tsaro ne idan na biyu ya kuɓuce. A Amurka tun 1968 ƙa'idar gwamnati ta wajabta wa masu ƙera motoci wannan kamu biyu, saboda ƙofar da ta ɓalle a lokacin haɗari tana jefar da mutum waje. Ƙofar da ba ta daidaita ba sau da yawa a kamu na farko take tsayawa, mai ita yana zaton ta rufu. Ku tuna mutum nawa ake cusawa a kujerar baya ta motar haya, da yadda na gefe ke jingina da ƙofa idan an sha kwana. Ga kuma ƙaramar ɓarna mai cin mota a hankali: ƙurar hunturu ta cika ciki, ruwan damina ya bi ta saman ƙofa ya kwanta a ƙarƙashin kafet, tsatsar da aka kashe kuɗi aka yanke ta dawo.

Mun san ba kowa a cikinku zai mallaki tsohuwar mota ba, amma sana'ar ba ta da nisa da ku. Wanda ke Kaduna ya leƙa kasuwar Panteka, na Kano ya zaga Ƙofar Ruwa, zai ga yadda ake sarrafa ƙarfe da kayan mota. Kwalejojin fasaha suna koyar da aikin bodi da walda, hukumar NABTEB kuma tana shirya jarrabawa a irin waɗannan sana'o'i. Abin da muka lura shi ne, da yawa daga cikin dattawan da suka iya wannan aiki a hannu suka koye shi, ba a allo ba, yaran da ke zuwa yanzu kuma sun fi son cire-saka saboda ya fi saurin kawo kuɗi. Ɗalibin da ya shigo da lissafin aji ya haɗa da idon waɗannan dattawa, zai riga tsararsa gane dalilin kowane bugu.

Duk wannan daidaitawa kafin fenti ake yin ta, domin sufana da katako ba sa jituwa da sabon fenti. To amma sau da yawa sai an sake cire ƙofofin don a fesa gefunansu da cikin gurbi. Don kada wahalar kwanaki ta tafi a banza, inda hinjin na noti ne akan huda ɗan ƙaramin rami na kamar milimita 3 ya ratsa hinji da abin da yake ɗaure a kai, biyu a kowane hinji. Ranar mayarwa sai a zura ƙusa ko bakin abin huda a ramukan, ƙofa ta koma inda take.

Saura robar da ke zagaye da ƙofa. Sabuwar roba tana da tauri, takan turo ƙofar waje har mutum ya yi zaton aikin ya ɓaci. Kada a yi saurin taɓa hinji. A bar ƙofofin a rufe na wasu makonni robar ta kwanta, in ya so a ɗan matsa maƙali ciki daga baya. Gwajin kamunta kuwa kowa zai iya yi a gida da fallen takarda daga tsohon littafin rubutu. A rufe ƙofa a kan takardar, a ja. Idan ta yi gardama kafin ta fito, robar ta kama a nan. Idan ta zare salin-alin, akwai kafar da ƙura za ta bi. Sai a matsa gaba da taƙi ɗaya a sake, har a zagaye ƙofar.